Kuɗin lafiyar ƙwaƙwalwa a kasafin jiha: kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani

Yayar Tela:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kasafin baɗi ya isa majalisar dokokin jiharmu, na kuma samu ganin shafin ma'aikatar lafiya. Gurbin da aka saba ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa babu shi. An cusa shi a ƙarƙashin cututtukan da ba a ɗauka, tare da hawan jini da ciwon suga. Nan da mako biyu kwamitin lafiya zai saurari jama'a, muna so mu je da takarda. Duk wanda abin ya taɓa shi ya ba mu labarinsa. Bari in fara da nawa.

Ƙanena shekara tara ke nan yana kan magani. A da, ranar Alhamis ta farkon kowane wata akwai nas da ke zuwa babban asibitin ƙaramar hukumarmu, ya yi masa allurar wata-wata, ya ba shi ƙwayoyi. Da wannan allurar ya koma kan kekensa na ɗinki, har ya ɗauki yara biyu masu koyo. Rannan muka je aka ce an daina zuwa, babu kuɗin mai, babu magani. Birni kuwa tafiyar awa uku ce. Wata biyu muka tsallake. A na ukun ya daina barci, ya koma magana shi kaɗai dare da rana, ya farfasa ƙofar ɗakin Inna. Sai da maza huɗu suka riƙe shi kafin aka sa shi a mota. Keken ɗinkin muka sayar muka biya kuɗin kwanciya. Ya warware, alhamdulillahi, amma yanzu zaune yake a zaure ba sana'a.

Nas Mai Ritaya:
Ɗiyata, Allah ya ƙara masa lafiya. Shekara 31 na yi a wannan aikin, irin labarinki na gani har ba na iya ƙirgawa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne magungunan da ke riƙe yawancin marasa lafiyarmu tsofaffi ne kuma masu araha: haloperidol, chlorpromazine, amitriptyline, da carbamazepine na masu farfaɗiya. Kuɗin kwantar da mutum ɗaya na mako uku zai saya wa mutane da yawa maganin shekara. Amma sai a bari ciwo ya tashi, sannan iyali su sayar da gona.

Tun 1991 Najeriya ta rubuta cewa lafiyar ƙwaƙwalwa na cikin aikin asibitocin matakin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fito da tsarin mhGAP don a koya wa ƙananan jami'an lafiya gane ciwon da ba da magani, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, mu kuwa mun haura miliyan 200. Ni da kaina na horar da yara a kan wannan tsari. Sun koma ƙauyukansu da ilimi, kantar magani kuwa wayam. Bayan shekara guda wasu sun manta, wasu an yi musu canjin wurin aiki. Idan kun tashi rubutu, ku haɗa horo da magani da kuɗin zagayen duba aiki wuri ɗaya, don ɗaya ba ya tafiya sai da sauran.

Baban Hassana:
Nawa na maiɗakina ne. Kwana goma da haihuwar tagwayenmu ta daina cin abinci, tana cewa yaran ba nata ba ne. Gida aka ce iska ce ta shige ta. Muka yi ruƙiyya, kuma ba na raina ta, har gobe ina yi. Malamin da kansa ya ja ni gefe ya ce, Malam, ka kai ta asibiti, mu ci gaba da addu'a. Allah ya saka masa. To wane asibitin? Manyan da kowa ya sani na tarayya ne, Kware a Sakkwato, Barnawa a Kaduna, sai na Maiduguri, duk sun yi mana nisa. Na ɗauki shatar mota da maijego da jarirai biyu da surukata. Cikin mako uku ta dawo hayyacinta, ta karɓi 'ya'yanta tana kuka. Da a ce ungozomar da ta karɓi haihuwar an koya mata alamomin nan, da ba mu yi kwana ashirin muna lalube ba.

Wanda Ya Sha Mari:
Ban cika son faɗin wannan ba. Na yi wata goma sha huɗu a gidan mari. Tabon yana nan a ƙafata. Lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa cikin Satumban 2019, na ji mutane na ta zagin iyaye. Mahaifina ba mugu ba ne. Ya rasa inda zai kai ni ne, kuma gidan marin yana kusa, ana biya da hatsi. An rufe gidaje da dama a wancan lokacin, na yi murna. Amma masu ciwon ba su ƙare ba, yanzu a ɗakunan bayan gida ake kulle su. Yaya, idan ana so in tsaya gaban kwamitin in nuna ƙafata, zan je.

Tsohon Ma'aikacin Kasafi:
Hajiya, ku yi haƙuri in ɗan saɓa. Haɗe gurbi ba lallai ne ya zama an rage kuɗi ba, wani lokaci gyaran lambobin lissafi ne kawai, kuma haka za su amsa muku. Kada ku shiga kuna cewa an zaftare alhali ba ku da adadin a hannu, nan take za a kashe bakinku. Inda gaskiyarku take shi ne kuɗin da ba shi da gurbinsa ba a iya bin sawunsa. Ranar da aka saki kaɗan, wanda ya fi baki a ma'aikata shi ke ɗauka, masu taɓin hankali kuwa ba su da mai yi musu magana a ofis.

Sannan rubutawa daban, saki daban. Na ga gurbin da ya shekara uku yana fitowa a kasafi ba a saki ko kwabo ba. Jihohi yanzu suna wallafa rahoton yadda aka kashe kasafi duk wata uku a shafukansu na intanet. Ku sauko da na bana, ku duba nawa aka ware, nawa aka saki, ku shiga da shi. Kuma kafin ranar zaman ku je wa ɗan majalisar mazaɓarku gida. Ku ce masa a garinsa aka daina allura, ku faɗi watan. Abin da ya shafi mazaɓa shi ke tsayawa a kunnensu.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ku ambace ta, tana da amfani. Sai dai albashin nas ɗin ƙaramar hukumarku da man motarsa ba daga Abuja suke fitowa ba. Yarjejeniyar Abuja ta 2001 ta kashi 15 cikin ɗari ga lafiya ma gwamnoni na son ambatonta, to ku tambaya cikin kason lafiyar nawa ne na ƙwaƙwalwa.

Malamar Sakandare:
Baba ya yi gaskiya. Ƙarin da zan yi, ku lura kada a mayar da zancen duka na shaye-shaye. Matsala ce babba, binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan, kuma na rasa ɗalibai a wannan hanyar. Amma na taɓa zuwa irin zaman nan, da aka ambaci ƙwaƙwalwa sai kowa ya koma kan kodin da tiramol, aka tashi da alkawarin gina gidan gyaran hali. Ɗalibata da ciwon damuwa ya hana ta rubuta jarrabawar fita ba ta taɓa shan komai ba. Matar Baban Hassana ma haka.

Nas Mai Ritaya:
Haka ne Malama. Gini shi suka fi so, don ana yanka kyalle a ɗauki hoto. Ni dai a ba ni magani a kanta da babur mai mai.

Yayar Tela:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na sauko da rahoton wata tara na bana, gobe bayan la'asar zan aiko ka duba mana, don lambobin sun fi ƙarfina. Ɗan uwa mai tabo, ka yi shawara da mahaifinka tukuna, idan ranka bai kwanta ba za mu karanta labarinka ba tare da suna ba. Katin asibitin ƙanena yana wurina, da kwanan watan allurar ƙarshe a jiki, zan tafi da shi. Masu irin wannan katin ku ɗauki hotonsa, ku rufe sunan, ku turo kafin Juma'a.