Ginin ƙarfe a Legas: shin girgizar ƙasa ta isa dalili?

Ɗan kasuwa, Agege:
Assalamu alaikum. Ina shirin gina bene mai hawa huɗu a Ajah, ƙasa shaguna, sama gidajen haya. An ba ni shawarar in yi ginshiƙai da giraren ƙarfe (wato ƙarafan da ake gittawa a kan ginshiƙai) maimakon kankare da rodi, wai sun fi jure girgizar ƙasa, amma kuɗin ya ɗara sosai. Ina roƙon masana su faɗa mini ko Legas tana buƙatar wannan tanadi.

Injiniya, Ikeja:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Najeriya ba ta kan iyakar manyan faifan ƙasa (wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya, waɗanda girgiza ta fi yawa inda suka haɗu) kamar Turkiyya ko Japan, sai dai ba a ce ba ta motsi ba, domin an ji girgiza a Ijebu-Ode a 1984, aka kuma ji ta a Mpape ta Abuja a 2018. Gaskiya ne ƙarfe yana lanƙwasa kafin ya karye, wanda ke ba mutane damar fita, amma wannan fa'ida tana ga mahaɗa, wato inda gira ta haɗu da ginshiƙi. A girgizar Northridge ta Amurka a 1994, an tarar waldar mahaɗai ta tsage a gine-ginen ƙarfe da yawa da ake ganin ba abin da zai same su, har sai da aka sake ƙa'idojin zane. Idan mai waldar ƙofa da taga ne zai haɗa muku, kuma babu wanda zai gwada waldar, to kankaren da aka tsara da kyau ya fi muku aminci.

Mai duba gini, Obalende:
Ina goyon bayan Injiniya, amma a ganina abin da ya kamata ya fara damun Alhaji shi ne ƙasar wurin. Yawancin yankin Lekki da Ajah yashi ne da fadama da aka cike, ruwa kuma yana kusa, har wani lokaci ramin tushe kan cika kafin a zuba kankare. Irin wannan ƙasa mai laushi tana ƙara ƙarfin girgiza, kamar yadda ya faru a birnin Meziko a 1985, kuma ko babu girgiza takan sa gini ya nitse ta gefe ɗaya. A fara gwajin ƙasa, domin shi zai nuna ko sai an kafa turakun kankare masu zurfi. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe a Nuwamban 2021, ya kashe sama da mutum 40, ba girgiza ce ta kayar da shi ba.

Injiniya, Ikeja:
Ƙari ɗaya, Alhaji: iskar teku tana ɗauke da gishiri, tsatsa kuma takan fara ne daga gindin ginshiƙi da wajen noti, inda ruwa ke kwanciya. In kun zaɓi ƙarfe, ku sa kuɗin fentin kariya da abin da ake lulluɓe ƙarfen da shi don ya jure gobara a lissafi, ku tabbatar injiniyan yana da rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, sannan ku bari LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta Jihar Legas, ta duba kowane mataki kafin a ɗora na gaba.