Idan matarka ba 'yar Najeriya ba ce

A majalisarmu ta Agege jiya, wani Alhaji da ya shekara 12 a Ingila ya tambayi yadda matarsa Baturiya za ta zauna a Legas. Duk wanda ya yi magana, takardar aure ya fara ambata: a taho da ta asali, don tana cikin takardun da jami'an shige da fice ke nema kafin su ba ta katin zama na CERPAC.

Wani malami a majalisar ya ƙara da cewa sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar ɗan ƙasa damar yin rajistar zama 'yar ƙasa. Mijin 'yar Najeriya kuwa, abin haushi, sai ya bi sashe na 27, mai buƙatar zaman shekara 15.