Dila ya ɗauki nauyin shirin gwada kayan sola: yana da ikon hana a faɗi aibin kayansa?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum. Ƙanina yana shiri da Hausa a YouTube da TikTok, yana gwada batir da inbata da fanel. Wani dila ya ce zai ɗauki nauyin shirin na wata shida, amma takardar da ya kawo tana da sharuɗɗa uku: kada ya faɗi abin da zai "zubar da darajar" kayansu, ya nuna musu kowane bidiyo kafin ya ɗora, kuma kada ya taɓa kayan wani kamfani har shekara guda bayan an rabu. Haka ake yi dama? Wanne za a karɓa, wanne za a ƙi?

Barista_Zazzau:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Sharuɗɗan nan ba nauyinsu ɗaya ba, kada ya haɗa su ya amsa baki ɗaya.

Na uku ciniki ne kawai. Dila yana da gaskiya idan ya ce ba ya son a tallata abokin hamayyarsa a shirin da yake biya. Amma a rubuta "talla", ba "taɓawa" ba, domin wanda aikinsa kwatanta kaya ne, in aka hana shi ɗaukar batirin wani kamfani an rufe masa shago. Shekara guda bayan rabuwa kuma ta yi yawa. A tsaya a wata shidan, ko a ƙara kwana 30, in kuwa dilan na son fiye da haka to ya biya kuɗin waɗannan watannin.

Na biyu ana iya gyara shi. Su ga bidiyon awa 48 kafin a ɗora, ikonsu ya tsaya a gyaran kuskure: farashi, lambar samfuri, tsawon garanti. In wa'adin ya wuce ba su ce komai ba, ya ɗora. Kada a bar jimlar da ta ce sai da amincewarsu.

Na farko shi ne abin ƙi. "Zubar da daraja" ba ta da iyaka. Ko cewa ya yi fankar inbatar tana da ƙara, ya karya yarjejeniya, su riƙe sauran kuɗinsa. Kuma haɗarin ba a kan dilan kaɗai yake ba. Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ke aiki da ita, ta haramta yaudarar mai saye da bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa. Dokar 2022 ta ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da ta gaji APCON, ta ce a tantance talla kafin ya fita, kuma hukumar ta bayyana cewa masu barkwanci da masu tallar kaya a intanet suna ciki. A rubuta a takarda cewa neman wannan izini da kuɗinsa suna wuyan dilan.

Abin da ya kamata ya maye gurbin sharaɗi na farko: ba zai faɗi ƙarya a kan kayan ba, duk aibin da ya ambata zai nuna gwajinsa, kuma dilan yana da damar mayar da martani a cikin shirin. Biya kuma rabi a farko, saura wata-wata, ba tare da an ɗaura shi da sakamakon gwaji ba.

Injiniya_Sola:
Barista ya gama da takarda. Ni abin da zan ƙara, 'yar'uwa, akwai hanyar da ake toshe bakin mai gwaji ba tare da an rubuta komai ba: a aiko masa da zaɓaɓɓen kaya. Batirin da dila ya ɗauko da hannunsa ba lallai ya zama irin wanda ke jibge a Sabon Gari ko Alaba ba. Ya saka a yarjejeniya cewa zai aika wani ya sayo daga shago kamar kowa, dilan ya mayar da kuɗin bisa rasit.

Sannan ya daina cewa "batirin nan ba shi da kyau". Ya bar awo ya yi magana. Misali batir mai 12V da aka rubuta wa 200Ah. Wannan lamba yawanci awon awa 20 ce, wato ya ba da 10A na tsawon awa 20 kafin ya sauka zuwa 10.5V. A cika shi da caji, a bar shi ya huta 'yan awanni, a ɗora masa lodin 10A, a sa mita da agogo a gaban kyamara. In ya faɗi a awa 13, abin da ke ciki 130Ah ne, ko me aka buga a jikin kwali. A ɗora shi a sikeli ma: batirin dalma na gaske mai 200Ah yana kai kilo 55 zuwa 65, wanda ya tsaya a 40 akwai magana.

Sai dai a yi wa dilan adalci, domin masu gwaji da yawa a nan suke zaluntar kaya. Mutum ya haɗa firji da dutsen guga, batir ya mutu cikin awa biyu, ya ce jabu ne. Batirin dalma in aka ja shi da ƙarfi, abin da yake bayarwa raguwa yake yi ko na gaske ne. A amfani na yau da kullum kuma rabi ake ci don ya daɗe: 12 sau 200 ya ba da 2,400Wh, rabinsa 1,200, inbata ta cinye kusan kashi 15 cikin 100, saura wajen 1,000. Lodin 200W ke nan na awa biyar. Wanda ya sa ran kwana da shi, lissafinsa ne ya karye, ba batirin ba. Sabon batir ma yakan buƙaci caji da saukewa sau da dama kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, don haka gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba.

Alhaji_Kantin_Kwari:
Ku yi haƙuri, ni ban ga laifin dilan sosai ba. Wa zai ciyar da kai kana tsine wa hajarsa a bainar jama'a? Ko a rediyo, in an ce shiri ya zo da ɗaukar nauyin wane, ba a jin mai gabatarwa yana kushe wanen. Shawarata ga yaron: ya raba biyu. Ya karanta tallan dilan minti ɗaya a farko, ya ce wannan talla ne, amma kada ya gwada kayansa sam har watannin su ƙare. Ba ƙarya, ba rigima. Abin da addini ya hana shi ne algus, ka san aibi ka rufe shi ka ce wa mutane su saya.

Barista_Zazzau:
Ranka ya daɗe, hanyarka tana aiki, amma da gyara. Mai rediyon ba sana'arsa ce awon kaya ba. Wannan yaro kuwa don hukuncinsa ake kallonsa. In ya gwada batir biyar ya tsallake na mai ɗaukar nauyi, masu kallo za su ɗauka shi ne wanda ya fi. Dole ya faɗa da baki, da Hausa, a farkon bidiyo: su ne ke biyana, shi ya sa ban saka nasu a gwajin ba. Ya kuma kunna alamar tallan biya da YouTube da TikTok suka tanada, kada ya ɓoye bayanin can ƙasan rubutu.

Hajiya, ki ja masa kunne a kan ajiye hujja, ko da ɗaukar nauyi ko babu. A 2023 an kama wata mata a Legas aka kai ta Abuja saboda abin da ta rubuta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, aka tuhume ta da dokar laifukan intanet. Ya adana rasit, hoton lambar jikin kaya, da cikakken bidiyon gwajin wanda ba a yanke ba. Kalmomi irin "jabu" da "'yan damfara" kuma ya bar su; ya ce an rubuta 200, na auna na samu 130.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka da alheri. Na tura masa, ya ce zai nemi a cire na farko a rage na uku. Injiniya, lodin 10A ɗin da me ake haɗa shi? Ƙwayayen fitilar mota za su yi?

Injiniya_Sola:
Za su yi. Biyu masu 55W da ɗaya ƙarama mai 10W in aka haɗa su gefe da gefe (parallel), suna jan kusan 10A. Suna zafi sosai, a rataye su nesa da batirin, a sa fiyus mai 15A kusa da kan batir, kuma ya riƙa rubuta abin da mita ta nuna kowace awa, domin jan yana ɗan raguwa yayin da batirin ke sauka.