Sirdin fam ɗari, ko kayan da mai faci ya sani?

Injiniya Kabiru: Assalamu alaikum jama'a. Zan ajiye magana a zauren nan, wanda bai yarda ba ya fito. Duk mai son haɗa keke irin na da don doguwar tafiya, a ce daga Kano zuwa Damagaram ta Kazaure da Daura, kada ya ɓata kuɗinsa a kayan kasuwa. Ya nemi na asali: sirdin fata Brooks B17, kan keke da kariya (abin ɗora kaya) na Nitto da feda MKS, duka 'yan Japan, jakar Carradice. Na san akwai tsada, B17 kaɗai ya haura fam 100 a Ingila, ban da kuɗin aike da na kwastan. Amma sau ɗaya za ka saya. Araha ba ta ado.

Malam Sani mai gyara: Wa alaikumus salam Injiniya. Ni dai ban yarda ba. Kayan tafiya shi ne wanda in ya lalace a ƙauye za ka tura keken zuwa gindin bishiyar mai faci ya gyara maka kafin la'asar. Abin da sai an yi oda daga Japan, ko na zinare ne, a kan hanya ba shi da rana. Ka je kowace kasuwar mako tsakanin nan da boda, za ka samu taya 28, tub, kaca, boris, robar birki da firiwil, saboda Phoenix da Hero da Raleigh ne suka cika ƙasar nan.

Abba Gwale: Baba Sani, to ai shi Injiniya cewa yake na asalin ba ya lalacewa tun farko.

Malam Sani mai gyara: Abba, babu ƙarfen da ba ya gajiya. Na asali ma yana karyewa, yana dai daɗewa ne kafin ya karye.

Dakta Nura (Nottingham): Ku bari in sa baki, tunda a garin Raleigh nake zaune. Da farko, wannan "na asali" da muke ta faɗa ya canza. Raleigh ta daina ƙera keke a nan Nottingham tun 2002. Sturmey-Archer, masu giyar nan uku da ke cikin cibiyar wilin baya, kamfanin SunRace na Taiwan ya saye su a 2000, can ake yin su yanzu. Brooks kam har yau a Smethwick kusa da Birmingham ake ƙera sirdunan fatarsu, ko da yake tun 2002 kamfanin Selle Royal na Italiya ne mai shi. Saboda haka suna kaɗai bai isa hujja ba, a duba abu ɗaya bayan ɗaya. A kan sirdi ina bayan Injiniya ɗari bisa ɗari. B17 yana kasuwa tun ƙarshen shekarun 1890, kuma dalilin daɗewarsa a fili yake: fata ce mai kauri da aka ɗame tsakanin hanci da ƙarfen baya, babu soso. In ka daɗe kana hawa sai ta ɗauki siffar ƙashin zamanka, gumi kuma yana bushewa. Sirdin soso yana da daɗi a rabin awar farko, bayan awa biyar shi ne yake gurje mutum.

Elhaji Mutari (Damagaram): Dakta, sannu da ƙoƙari, amma wannan bayanin na ƙasar sanyi ne. Fatar nan ta taɓa shan hunturun Damagaram? Iskar da ke tsaga diddige ita za ta bar sirdi? Ga damina kuma, in ruwa ya jiƙa shi ka hau a jiƙe, ya saki ke nan.

Dakta Nura (Nottingham): Gaskiya ne ranka ya daɗe, ruwa ne babban maƙiyinsa, kuma a nan ruwan ya fi naku yawa. Maganinsa madigadi a wilin baya don kada taya ta watso masa ruwa ta ƙasa, da leda a rufe shi in an ajiye. Bushewa kuma akwai man da kamfanin ke sayarwa, Proofide, ana shafa kaɗan jefi-jefi. Abin da ke kashe sirdin fata da wuri shi ne a cika masa mai don ya yi laushi, ko a riƙa ɗaure notin da ke ƙarƙashin hancinsa ba gaira ba dalili. Wanda ba ya son wannan hidimar, suna da wani mai suna Cambium da suka fito da shi a 2013, roba ce da yadi, ba ruwansa da ruwa. Sai dai shi ba ya sabawa da jiki, yadda ka saye shi haka zai zauna.

Abba Gwale: Tambaya. Mu da muke da majema da dukawa a cikin gari, me zai hana a kai musu tsohon ƙarfen sirdi su sa masa fata? Ai jar fatarmu har Turai aka santa.

Malam Sani mai gyara: Wadda aka sani ta akuya ce Abba, ta jaka da takalmi, ba za ta ɗauki nauyin mutum ba. Sirdi kirgin sa yake so, mai kauri, jimar bagaruwa, a jiƙa shi a danne a kan katako mai siffar sirdi har ya bushe, sannan a kafe shi da ƙusoshin tagulla. Ana iya yi. Amma sai an samu baduku mai haƙuri, don in ya yanko daga wajen ciki maimakon gadon baya, wata biyu ya saki ya lotsa.

Injiniya Kabiru: To kun ga maganata ta fito. Har Malam Sani ya yarda fata ba ɗaya ba ce. Waɗannan sirdunan kasuwa masu sifirin biyu, kama ce kawai, wasu ma roba ce aka yi wa launin fata.

Malam Sani mai gyara: A sirdi na bar maka, don jikinka ne, ba ni zan zauna a kai ba. Amma mu zo kan kariya. Kana maganar Nitto. Na ga hotonta, aiki ne mai kyau, bututun ƙarfe ne mai sheƙi, ba ta da nauyi. To kariyar Phoenix da ake ɗora wa jarka biyu ta ruwa ko buhun masara kullum, me ta gaza? In ta tsage, kowane mai walda zai ɗinke ta da kuɗin shan ruwa. Abin da zan hana mutum shi ne kariyar alminiyam mai araha, wannan in ta karye a daji sai dai igiya.

Dakta Nura (Nottingham): Nitto ma ƙarfe ce Malam, tana waldawa. Bambancin nauyi ne, da kuma kaurin sandunan: jakunkunan gefe na zamani ƙugiyarsu ba ta kama faffaɗan ƙarfen kariyar Phoenix. In buhu da roba za ka ɗaure, taka ta wadatar.

Elhaji Mutari (Damagaram): Ni duk kun bar abin da ya fi damuna. Hanyar nan kusan kilomita 240 ce, kuma ba tudu ne matsalarta ba. Ƙaya ce. Da ka sauka daga kwalta don ba mota hanya ko neman inuwa, tsidau da ƙarangiya na jiranka. Tayar nan mai gefe ruwan ƙasa da masu son kaya irin na da suke so, irin Panaracer Pasela, tana da kyan gani da laushin tafiya, amma gefenta siriri ne, rana ma tana cinye shi. In kuɗin mutum abu ɗaya zai saya mai tsada, ni taya zan ce, Schwalbe Marathon mai kauri a ciki. Baƙa ce, ba ta da ado, amma za ka wuce mai faci ka ɗaga masa hannu.

Abba Gwale: Alhaji, akwai wani ɗan'uwana zai zo daga Jamus, in ce ya taho min da ita 28?

Dakta Nura (Nottingham): Tsaya Abba, a nan mutane ke asara. A Jamus in ka ce 28, abin da za su ba ka shi ne 700C, wanda faɗin bakin wilinsa milimita 622 ne. Namu na Raleigh da Phoenix, 28 x 1½, milimita 635 ne. Ba za ta shiga ba ko ka kira ƙarti huɗu. Tsofaffin kekunan tafiya na Ingila kuma 27 x 1¼ ne, wato 630. Haka 26 ma kala-kala ce: ta keken duwatsu 559, ta ƙaramin Raleigh mai giya uku 590. Ka duba gefen tayarka, akwai lamba irin 40-635, ita za ka tura masa, ba inci ba. Ana samun 635 ɗin a can, sai dai zaɓin ba shi da yawa.

Malam Sani mai gyara: Allah ya saka da alheri Dakta. Ga wani kuma. Tsohon Raleigh na Ingila zaren notinsa daban ne a wajen akasin feda da wuya, nasa ya fi ƙanana. Yara kan kawo sabon kaya su ce a ɗaura, in aka matsa da ƙarfi zaren bodin ya cinye, an kashe keken da ya girmi ubansu.

Dakta Nura (Nottingham): Haka ne, zare 26 a inci ɗaya suke yi, mafi yawan sauran kamfanoni 24.

Injiniya Kabiru: Duk na ji. Amma batun giya fa? Ba za ku ce min mutum ya doshi arewa a watan Janairu, iska na dukan ƙirjinsa, da kaya a baya, a kan giya ɗaya ba.

Dakta Nura (Nottingham): Giya uku ta isa hanyar da ba tudu. Sturmey-Archer AW, wadda ta fito tun 1936, ta farko tana rage kashi ɗaya cikin huɗu, ta uku tana ƙara kashi ɗaya cikin uku, kuma ƙura ba ta shiga cikinta. A sa mata babban haƙori a baya, kamar 22, sai duka ukun su yi sauƙi. Heinz Stücke, Bajamushen nan da ya bar gida a 1962 ya shafe sama da shekara 50 yana zaga duniya, mafi yawan tafiyarsa a kan keke mai giya uku ya yi ta. Da tsohuwar zuma ake magani. In Jos ko Mambila mutum ya nufa, wannan kam sai giyar waje mai haƙora da yawa, kuma ya zaɓi irin ta da wadda ake lallaɓawa da hannu har kaca ta zauna, don ita ba ta zaɓen firiwil.

Malam Sani mai gyara: Ita AW ɗin in ta samu matsala a ciki, ba kowane mai gyara ke iya buɗe ta ba. Amma ko wayarta ta tsinke tana tsayawa a giya ta uku, za ka lallaɓa ka isa gari. Na yarda da ita.

Injiniya Kabiru: Ni dai sirdi da feda ba zan sauka daga kansu ba, nan ne jiki ke taɓa keke. Kariya na bar wa Malam Sani. Abin da ya rage min shi ne wili. Na ƙarfe mai sheƙi shi ne kyan keken da, amma kowa ya san in ruwa ya taɓa shi birki ba ya ci. Na alminiyam yana ci, to amma in na koma 622 don in samu taya mai kyau, birkin sanda ba zai yi aiki da shi ba, kuma na fita daga kayan da ake samu a ƙauye.

Elhaji Mutari (Damagaram): In bayan kaka za ka taso, ina ruwanka da ruwan sama? Bar wilinka na ƙarfe.

Dakta Nura (Nottingham): Keke ba don tafiya ɗaya ake haɗa shi ba Alhaji. Zai hau shi a Kano a watan Agusta, cikin motoci da 'yan adaidaita. Ni birki ba na ciniki a kansa.

Malam Sani mai gyara: Injiniya, kada ka yi odar komai tukuna. Kawo keken shago ranar Asabar da safe mu auna tazarar birki da faɗin bodin ta baya, mu ga ko zai karɓi 622 ɗin ma. Kuma duk tsofaffin notin da ka kwance, ka zuba su a gwangwani ka taho da su, kada yara su zubar.