Zauren Zuri'a: za mu kai yara Legas, a ba mu shawara

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Baban Khalifa zai je taron aiki Legas cikin watan Agusta, ya ce mu shirya mu bi shi da yara tunda suna hutu. Su uku ne, babban shekararsa 12, auta 4. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abinci da wurin salla, sai kuma inda za a kai su ba tare da idonsu ya ga abin da bai kamata ba. Waɗanda suka san garin don Allah a taimaka.

Kawu Bala: Wa alaikumus salam. Ke ko ɗiyata me zai kai ki Ikko da ƙananan yara? Ga Kano nan, akwai gidan zoo, akwai Gidan Makama da Dala, duk inda kuka tsaya ku ci ba sai kun yi tambaya ba.

Maman Khalifa: Kawu ai sun je Kano. Teku suke son gani, Khalifa ya hana mu sakat.

Yaya Sani (Agege): Kawu a bar su su zo, ba wani abu. Ƙanwata, zancen nama kada ya hana ki barci. Shanun da ake ci a garin nan galibi daga Arewa ake lodo su, kuma babbar mayanka tana nan Oko-Oba kusa da mu, mahautan da yawa Musulmi ne, Hausawa da Yarabawa. Inda ake taka tsantsan shi ne gidajen abincin da ke sayar da naman alade ko naman daji, don tukunya da cokali kan haɗu, da kuma otal mai mashaya a ƙasa, kiɗa har tsakar dare. Shawarata ku bar otal, ku kama gidan haya na kwanaki mai kicin da firij. Akwai su a Ikeja, Yaba da Surulere. Kafin ku biya a nuna muku ta bidiyo, a kuma tambayi yadda wuta take da dare. Da safe ki dafa, ku fita da abincin a kula. In kun yi marmarin na gida, Agege da Obalende da Idi-Araba akwai tsire, masa, tuwo, har fura.

Anti Luba: Na goyi bayan Yaya. Ki ƙulla garin kunu, kuka, daddawa, yaji, da busasshen kifin Yawuri, ki naɗe shi da kyau kada ya bi kayan sawa. Dambun nama ma yana ceto in yunwa ta kama yaro a cikin cunkoso. Sannan buta. Kada ki ce za ki samu a masauki, sau tari takarda kawai za ki tarar a banɗaki. Ki sa ƙaramar buta ta roba da darduma biyu a jakar hannu.

Hadiza: Amma Yaya Maman Khalifa kada ki hana su ɗanɗana abincin garin. Akwai Alhajojin Yarabawa masu sayar da amala da miyar ewedu da gbegiri, Musulmi ne na gaske. Ki dai ce a rage wa yara barkono.

Gwaggo Kulu: Ni dai ruwan sha nake jiye wa jikokina. A sayi na roba. A tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi.

Malam Nasiru: Game da salla, a hanya ku yi ƙasaru. Amma a mazhabar Malikiyya in kun yi niyyar zama kwana huɗu cikakku ko fiye, da kun sauka sai ku cika. Masallatai ba su da wuyar samu a Legas, sai dai cunkoso kan riƙe mutum a kan gada har lokaci ya ƙure. Don haka duk fitar da za ku yi, ku fita da alwala, kuma ku san inda azahar za ta same ku tun kafin ku bar gida.

Hadiza: To ga yini guda na tsara miki. Ku fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. A can aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Baƙar Marsandi ce, ramukan harsashi suna nan a jikinta. Na ga wani dattijo ya tsaya gabanta ya cire tabarau yana share ido, yaran da ke tare da shi duk suka yi tsit. Khalifa ya isa ya fahimci wannan, ki ba shi labarin tun a gida. Daga nan ku yi azahar a Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, akwai sashen mata. Kasuwar Balogun na nan kusa, amma kada ki shiga da auta, turmutsutsun ya yi yawa. Gara ku gangara Marina ku hau jirgin ƙasa mai aiki da lantarki zuwa Mile 2 ku dawo. A 2023 ya fara aiki, da katin Cowry ake biya, kuma yana bi ta saman ruwa, yara za su ji daɗi.

Kawu Bala: Motar Murtala tana nan har yau? Allah ya jiƙansa. To a ɗauko mini hoto in sun yarda.

Maman Khalifa: In sha Allahu Kawu. Saura bakin teku, shi ne na fi tsoro.

Anti Luba: Ni ban ba da shawarar zuwa ba. Kiɗa, kwalabe, ga shigar da ba ta dace ba.

Yaya Sani (Agege): Anti, Asabar da Lahadi da yamma kike faɗi, kuma gaskiyarki. Amma a je ranar Talata ko Laraba da hantsi, wurin fayau yake, sai masu dawaki da masu kwakwa. Kafin sha biyu kun tashi. Abin da ya fi kiɗan haɗari shi ne ruwan kansa. Ba irin na kogin Matan Fada na Argungu ba ne da yara ke wanka a gefe, igiyar tana dukan ƙafa ta janye yashin da mutum ke tsaye a kai. Hannun auta kada ya bar hannun babansa, sauran kuma iyakarsu idon sawu.

Hadiza: In kun nufi ɓangaren Lekki, ku haɗa da gandun dajin Lekki Conservation Centre. Ana tafiya kan katako a cikin kurmi, ga birai ga ɗawisu. Akwai gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401, sai dai ba a barin ƙananan yara su hau, ku tambayi ƙa'idar shekaru a ƙofa don kada a yi kuka daga baya. Biran kuwa ba su da kunya, da sun ga leda a hannun yaro sai su fizge. Komai a jaka, a zuge.

Yaya Sani (Agege): Kada dai a haɗa teku da gandun daji da Onikan rana ɗaya. Wuri ɗaya ko biyu masu kusa da juna, shi ke nan. Ku tsallaka gadar Third Mainland bayan ƙarfe goma, ku juyo kafin huɗu. Ruwan sama kan ɗan sassauta a Agusta, amma in an kwana ana yi, a ɗage tafiya Lekki, titunan kan cika.

Gwaggo Kulu: Ta mota za ku ko jirgi?

Maman Khalifa: Jirgi Gwaggo, daga nan Birnin Kebbi zuwa Abuja, sai mu canza. Ya ce hanyar Kwantagora da Mokwa zuwa Jebba ta yi wa yara nisa, ga tireloli.

Gwaggo Kulu: Madalla. Sai ki zo ki karɓi man shanu ki kai wa matar Sani.

Yaya Sani (Agege): Mun gode Gwaggo, amma a sa shi cikin babbar jaka, ba za su bari a shiga da shi a hannu ba. Ƙanwata turo mini ranakun da unguwar da za a yi taron, gobe in na taso kasuwa zan leƙa gidaje biyu a Ikeja in turo miki bidiyo.