Golf 4 mai turbo na zafi a kan babban titi, a taimaka da shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Golf 4 mai injin 1.8T. An taɓa min kwamfutarta aka ƙara wa turbo ƙarfi, aka kuma sa babbar intakula (mai sanyaya iskar da turbo ke turawa inji) a gaban lagireto. Tun daga nan, a cikin gari lafiya lau take, ko a gosulo allurar zafin inji tana kan 90. Amma da na hau hanyar Zariya na taka totur, kafin Kwanar Ɗangora allura ta kusa ja. In na sassauta sai ta sauko. Makanikena ya cire tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi) ya haɗa fanka kai tsaye, ba ta canza zani ba. Yanzu ya ce a sayi sabon lagireto. In saya?

Wani makanike daga Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Motar da ke zafi a guje ba matsalar fanka ba ce, don a wannan gudun iskar hanya ta fi ta fanka. Ni famfon ruwa nake zargi. Na wannan injin da yawansu haƙoran roba ne, in sun tsage sai su riƙa sulɓewa idan inji ya ɗau wuta. Gwada da safe, inji na sanyi: buɗe murfin tulun ruwa, ka tayar, wani ya taka totur, kai kuma ka dubi siririn tiyon da ke dawo da ruwa ta saman tulun. Ya kamata ya riƙa tsartuwa. In ɗiga yake ko babu, famfo ya tafi. Ka sa mai haƙoran ƙarfe, ka canza taimin bel lokaci guda tunda shi ke juya famfon.

Sannan don Allah a mayar da tamostat. Wannan al'adar tamu ta cire shi tana ɓata min rai. Na injin nan a wajen digiri 87 yake buɗewa, shi ke tura ruwa ya bi ta lagireto yadda aka tsara.

Wata 'yar'uwa daga Abuja:
Yaya, leƙa tsakanin intakula da lagireto da tocila. Tawa na tarar da ƙura da fiffiken ƙwari sun toshe wajen kamar tabarma. Intakula, kondensar esi, sannan lagireto, ga zafin Afrilu na digiri 40, iska ta ina? A wanke, a kuma mayar da robobin gefe da ke tattaro iska in an cire su wajen aikin.

Wani dattijo a zauren:
Ɗana, wane ruwa kake zubawa? Motar nan ruwan sanyaya inji na G12 take so, mai ruwan hoda, a haɗa da tataccen ruwa. Ruwan rijiya tsatsa yake haifarwa. Kuma in ka ga kumfa na tasowa a tulu, ko tiyo ya yi tauri kamar icce bayan gudu, gasket ɗin kan silinda (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa) ya fara ba da iska, ka ajiye motar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, ruwan famfo ne wallahi makanike ke zubawa. Oga na Kaduna, kafin a yi aikin zan iya zuwa Zariya da ita?

Makaniken Kaduna:
Kada ka je. Kan silindar alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. Ka kuma sa wanda ya taɓa kwamfutar ya mayar da ita yadda kamfani ya saita har sai allura ta tsaya a 90 a kan titi.