Kashe ɓera da gafiya ba tare da azabtarwa ba: abin da aka tattauna

Jama'a, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro daga masu rumbu da shaguna a nan Yamai.

1. Kusan kowa ya yarda tarko mai ƙarfe, wanda ke bugun wuya nan take, ya fi sauƙi ga dabbar. Sai dai girman tarkon ya dace: na ɓera ba ya kashe gafiya, ƙafa kawai yake karya mata. A ɗana shi jikin bango, bakinsa na kallon bangon, don ɓera gefe yake bi. A ɗaure ɗan ƙuliƙuli ko busasshen kifi da zare, kar ya sace ya tsere. A duba safe da yamma.

2. Danƙo, nutsarwa a ruwa da ƙonawa: an ƙi su gaba ɗaya. Wanda ya maƙale a danƙo yakan kwana yana fizga har fatarsa ta saɓule. Da dama sun tuna hadisin da ya ce in za a kashe a kyautata kisan.

3. A kan guba aka rabu. Wasu sun ce a babban sito ba makawa sai da ita. Wasu sun ƙi, don maganin ɓera mai hana jini daskarewa sai ya yi kwanaki yana cin dabbar, kuma kyanwa ko kaza na iya cin mushen. Ni ina tare da na biyun, musamman gida mai yara.

4. Wanda aka samu da rai a tarko, bugu ɗaya mai ƙarfi a ƙeya. Mai jin tsoro ya kira wanda ya iya.

Mushe kuma a ɗauka da leda a hannu, a binne da zurfi.